Mai taɓin hankali a gidan yari: wa ke waiwayar fayil ɗinsa?

Duk wanda alƙali ya yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa. Ko shekara goma aka ɗaure shi yana ƙirgawa, matarsa na ƙirgawa, gandiroba ma yana da lissafin a littafinsa. Amma akwai wasu bayin Allah a gidajen yarin ƙasar nan da ba su da abin ƙirgawa kwata-kwata, ba a same su da laifi ba, wasu ma kotu ce da bakinta tace ba za a kama su da laifin ba saboda basa cikin hayyacinsu lokacin da abin ya faru, kuma duk da haka sai kaga sun fi wanda ya aikata laifi da hankalinsa daɗewa a ciki. Maganar masu taɓin hankali da ake zargi da laifi nake yi. Wannan abu ya daɗe yana cin raina, kuma mu Hausawan Legas ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Ni dai a Agege nake, kuma nakan raka mutanenmu kotu in akwai buƙatar tafinta ko wanda zai karanta musu takarda, to a nan na fara lura da yadda abin yake tafiya.

Doka tana yin tambaya biyu ne daban-daban, mutane da yawa suna haɗe su. Ta farko, lokacin da ya aikata abin yana cikin hankalinsa? Sashe na 28 na Criminal Code, kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a kudu, yace wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya hana shi gane abin da yake yi, ko ya kasa riƙe kansa, ko ya kasa sanin cewa bai kamata ya yi ba, to babu alhakin laifi a kansa. A arewa sashe na 51 na Penal Code ne yake faɗin kusan haka. Mu kam wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, tun muna makarantar allo muke jin hadisin nan cewa an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya samu hankalinsa. Tambaya ta biyu kuma ita ce yanzu da yake tsaye gaban alƙali, yana gane abin da ake yi? Zai iya fahimtar tuhumar da aka karanta masa, ya amsa, ya gaya wa lauyansa abin da ya faru? In ba zai iya ba doka tace a dakatar da shari'ar, a kai shi likita ya duba shi, a jira har ya samu sauƙi.

Duka biyun a takarda rahama ce. Matsalar tana wajen abin da ke biyo baya. A tsohuwar dokar shari'ar laifuka da muka gada daga Turawa, wanda aka wanke saboda hauka ba gida ake sallamarsa ba, ajiye shi ake yi a tsare har sai gwamna ya ga dama. Babu wata, babu shekara, babu ranar da aka ce dole a dawo da shi gaban alƙali. Shi kuma wanda aka dakatar da shari'arsa ana cewa sai ya warke, to wa zai warkar da shi in sel aka mayar da shi ba asibiti ba? Kuma ko Allah ya ba shi lafiya a ciki, wa zai rubuta wa kotu ya gaya mata? Gwamna yana da jiha guda a kansa, ba zai tashi da safe ya tuna da wani mai turin ruwa da aka rufe tun zamanin gwamnan da ya gabace shi ba. Dole sai wani ya ɗauki fayil ya kai, in kuwa babu mai ɗauka shikenan.

Kuma gaskiya yawancin mutanenmu ko wannan matakin basa kaiwa. Tun a ƙofar shiga suke maƙalewa. Ɗan sanda ya kai mutum kotun majistare, in laifin babba ne majistare ba shi da hurumin sauraro sai ya bada umarnin a ajiye shi a jira shawarar ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki na gwamnati, Kotun Ƙoli ma ta amince da irin wannan ajiya a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007, wadda daga nan Legas ta taso. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta sa wa irin wannan ajiya wa'adi, kwana 14 ne, ana iya sabuntawa amma ba har abada ba, jihar Legas ma tana da nata wa'adin a dokarta. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 35 yace wanda ke tsare in ba a yi masa shari'a cikin wata biyu ba a sake shi ko da da sharaɗi, sai dai in laifin mai hukuncin kisa ne. Duk wannan yana nan a rubuce. Amma wa'adi sai da mai tunatarwa, mai hankali zai yi ta naci, ya roƙi gandiroba, ya aika saƙo gida ta hannun wanda aka sallama, ya haddace lambar wayar ƙaninsa, ya ɗaga hannu ranar da baƙi suka zo ziyara. Wanda kansa ya juye fa? Ko sunan garinsu wani lokacin ba zai iya faɗa daidai ba.

Sai ka ƙara da matsalar yare. Yaro ya taso daga ƙauye ya zo ci-rani, yana dako a Mile 12 ko yana bola jari ko yana gadi, ba Yarbanci ba Turanci, ko brokin ɗin ma kame-kame yake. In yana sambatu da Hausa a gaban ɗan sanda, shi ɗan sandan bai san sambatu bane, gani yake kawai wani aboki ne ke surutu da yarensu. In yayi shiru yana kallon bango a ce taurin kai ne ko rashin jin Turanci. Mu da muke jin Hausa minti biyu ya ishe mu mu gane maganar ba ta haɗuwa, amma a wajen babu mai ji. Ina ganin wannan ne babban abin da ya sa namu suka fi saurin ɓacewa a cikin tsarin.

Akwai wani yaro da ba zan manta ba, mai turin ruwa ne a unguwarmu, natsattse, kowa ya san shi da sallah a kan lokaci. Ciwon ya fara masa a hankali, ya daina barci, yana cewa ana binsa, abokan kwanansa suka yi ta masa tofi da rubutu suna cewa iska ce. Rannan ya ɗauki dutse ya fasa gilashin motar wani a bakin titi saboda a ganinsa masu binsa ne a ciki. Aka yi caji ofis da shi, daga nan kotu, alƙali ma ya bada beli amma da sharaɗin masu tsaya masa da takardun da ɗan ci-rani ba shi da su, abokansa kuma tsoro ya kama su kowa ya ja jiki. Watanni suka yi ta tafiya. A gida mahaifiyarsa har ta fara karɓar gaisuwa a zuciyarta. Sai da kawunsa ya sayar da akuyoyi ya hau mota ya zo nema, dattijo ne da bai taɓa zuwa kudu ba, aka haɗa shi da ni. Da muka same shi ya rame ya yi baƙi, bai gane kawun nasa ba da farko. Dattijon nan ya riƙe hannuna yace, "Malam, don girman Allah ka tambaye su, shin hukunci aka yi masa ko magani ake masa?" Nace, "Baba, ko ɗaya." Wallahi amsar kenan, ba a yanke masa hukunci ba kuma ba a taɓa kai shi gaban likitan ƙwaƙwalwa ba, a fayil ɗin babu inda aka rubuta cewa yana da larura. Wata lauya mai taimako ce ta tashi a gaban alƙali ta faɗi halin da yake ciki, aka bada umarnin a duba shi, mai motar ma da ya ji labari yace ya yafe, aka miƙa shi hannun kawunsa da sharaɗin zai riƙa kai shi asibiti. Yau yana gida yana shan magani yana noma. Abin da ya fitar da shi ba wani sabon abu bane, doka ce da take nan tun ranar da aka kama shi, mai buɗe baki ne kawai babu.

To wannan yana da kawu. Ka yi tunanin wanda ba shi da.

Kuma ka duba inda ake ajiye su. Gidan yarin Ikoyi an gina shi ne don mutum 800, amma a watan Disamba na 2019 lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a ciki, sama da mutum 3,000 ne ke tsare a wajen. A faɗin ƙasar kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidan yari jiran shari'a suke. A irin wannan cunkoso mai lafiya ma kansa na iya taɓuwa balle wanda ya shigo da ciwonsa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma kullum ficewa suke ƙasashen waje. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba nan a tsakiyar gari tun 1907, wanda mutanen Legas ke kira Yaba Left, ga na Aro a Abeokuta ba nisa, amma tsakanin sel da gadon asibiti akwai takardar kotu da mota da mai da ma'aikacin rakiya da kuɗin magani, kowanne kuma na iya tsayar da tafiyar. Har wani abu ake da shi a wasu gidajen yarin, mutanen da ba su yi laifin komai ba, danginsu ne suka gaji suka kai su aka rufe saboda hauka kawai, ƙungiyoyin kare haƙƙin fursunoni irin su PRAWA sun daɗe suna magana a kan wannan musamman a gidan yarin Inugu.

Ba mu kaɗai muka gaji wannan tsari ba, ƙasashe da yawa da Ingila ta yi wa mulki ta bar musu irinsa, kuma abin da ya faru a wasu wuraren ya isa ya tsorata mu. A Jamaika wani dattijo mai suna Noel Chambers ya rasu a gidan yari a watan Janairun 2020 yana da shekara 81, bayan ya yi shekara 40 a tsare ba tare da an yi masa shari'a ba. Kisan kai aka zarge shi da shi, aka ce ba shi da hankalin da zai fuskanci shari'a, aka ajiye shi sai gwamna janar ya ga dama. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne binciken da aka yi bayan rasuwarsa ya nuna likitoci sun taɓa tabbatar da cewa ya samu sauƙin da zai iya tsayawa gaban kotu, amma ba a mayar da shi ba. Shekara arba'in fa jama'a. Ko da an same shi da laifin, da wuya ya yi wannan daɗewar.

Wasu ƙasashen sun gyara. A Kanada kotun ƙolinsu ta rushe tsarin tsarewa kai tsaye sai gwamna ya ga dama a 1991, yanzu kwamiti ne mai masanin shari'a da likitan ƙwaƙwalwa yake zama a kan kowane mutum, a ƙa'ida duk shekara, ya duba ko a ci gaba da riƙe shi a asibiti ko a sake shi da sharaɗi ko a sallame shi gaba ɗaya. Kada wani yace ai wannan ƙasar Turawa ce masu kuɗi, a Kenya ma babbar kotu ta yanke a 2022 cewa tsare mutum har sai shugaban ƙasa ya ga dama ya saɓa wa tsarin mulkinsu, saboda ƙayyade zaman mutum a tsare aikin alƙali ne ba na ɗan siyasa ba. Tun a 2003 kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta samu Gambiya da laifi saboda dokarta ta tsare mahaukata ba ta ba mutum hanyar neman a sake duba tsarewarsa ba, kuma yarjejeniyar da aka yi hukuncin da ita Najeriya ta mayar da ita dokar ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Za su ce to wanda ya sari mutum da adda fa, ko uwar da ta halaka jaririnta cikin ciwo, sakinsu za a yi su dawo unguwa? Wanda aka kashe masa ɗa ba ruwansa da rahoton likita, zuciyarsa ƙuna take, kuma yana da gaskiya ya ji tsoro. Akwai ma masu ƙaryar hauka don su tsere wa hukunci, wannan ma gaskiya ne. Amma sake duba tsarewa ba yana nufin buɗe ƙofa ba. Ana iya dubawa a ce wannan har yanzu haɗari ne a ci gaba da riƙe shi, a asibiti mai tsaro, a dawo bayan wata shida ko shekara. Mai ƙaryar hauka ma ai dubawar ce ke tona shi, likita ya zauna da shi ya gane lafiyarsa lau a mayar da shi ya fuskanci shari'arsa, dangin mamaci su samu hukuncin da suke jira. Rashin dubawar ba ya amfanar kowa, wanda aka zalunta bai ga shari'a ba, mara lafiya bai ga magani ba, gwamnati kuma tana ciyar da mutum shekara da shekaru ba ta san dalili ba. Kuma yawancin waɗanda nake magana a kansu ba kisa suka yi ba, fasa gilashi ne, satar abinci ne, faɗa ne a tasha, yawo tsirara ne, wasu ma yunƙurin kashe kansu suka yi, wanda har gobe laifi ne a sashe na 327 na Criminal Code da ɗaurin shekara guda, duk da dai Legas ta canza nata a dokar 2011 ta ce asibiti za a kai mutum.

Doka kam ta motsa, a yaba inda ya dace. Tun 1958 muke fama da dokar mahaukata wadda asalinta na 1916 ne, sai a watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta ɗauki mara lafiya a matsayin mai haƙƙi ba abin kullewa ba, Legas kuma ta riga tarayya yin tata. Akwai kuma dokar 1977 da ta ba babban jojin jiha ikon shiga gidan yari ya saki wanda ya yi zaman jiran shari'a fiye da abin da za a ɗaure shi in da an same shi da laifin. Ana yin wannan ziyara kuma ana sakin mutane, alhamdulillahi. Sai dai ni ban gamsu da ita a matsayin mafita ba, saboda ziyara sa'a ce, sunan wanda aka sa a jerin ne ake kira, mai taɓin hankali kuma shi ne na ƙarshe da zai iya fafutukar shiga jeri. Abin da nake so in gani shi ne duk umarnin tsare mai larurar ƙwaƙwalwa ya zo da ranar dawowa a rubuce a jikinsa, ranar ta zo ko da dangi ko babu, ko da lauya ko babu, a kawo shi gaban alƙali da sabon rahoton likita, in ba ya jin Turanci a kawo tafinta na gaske ba a jawo wani daga bakin ƙofa ba, sannan kada a riƙe mutum da sunan jiran lafiya fiye da iyakar hukuncin laifin da ake zarginsa sai in likitoci sun nuna wa kotu dalili.

Mu ma da namu. Mu ne muke ɓoye ciwon nan kamar abin kunya, mu ce iska ce ko sammu ne har sai abu ya lalace, ba na hana addu'a da ruƙiyya, ni ma ina yi, amma a haɗa da asibiti. Mun ga abin da aka tarar a gidajen mari a Rigasa da Daura a 2019, mutane cikin sarƙa, kuma dangi ne suka kai su da hannunsu. Sannan in aka kama ɗan'uwa a nan Legas kowa sai ya gudu kada a haɗa da shi. Muna da Sarkin Hausawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sauran wurare, muna da shugabannin kasuwa da na 'yan dako da kwamitocin masallatai, muna tara kuɗi a kai gawa gida cikin kwana ɗaya, to me zai hana kowace fada ta ajiye littafi ɗaya na mutanenta da ke tsare, da wanda zai riƙa bibiya?

In abin ya faɗo kan naka, ga abin da na gani yana aiki. Tun a caji ofis ka faɗa cewa yana da larura kuma ka nace a rubuta. In yana da katin asibiti ko takardar magani ko da daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne ko Kware ko Barnawa ko Maiduguri, a ɗauki hotonta a turo ta WhatsApp ranar, wannan 'yar takardar tana da nauyi a gaban alƙali fiye da rantsuwar mutum goma. Ka rubuta lambar ƙara da sunan kotu da ranar da aka ɗage zuwa, saboda in babu lambar nan neman mutum a gidajen yarin Legas wahala ce babba, balle in an rubuta sunansa ba daidai ba wanda kullum ake yi wa namu. Ka je ofishin Public Defender na jihar Legas ko Legal Aid Council, kyauta suke tsaya wa wanda ba shi da hali, ka gaya wa lauyan ƙarara ya roƙi kotu ta bada umarnin likita ya duba shi. Kuma a samu mutum ɗaya cikin dangi da zai tsaya ya ce na ɗauki nauyin kula da shi da kai shi asibiti, don in laifin mai beli ne doka ta yarda a miƙa mara lafiya hannun danginsa a kan wannan sharaɗi, alƙali kuma yana son ya ga fuskar wanda zai damƙa wa kafin ya sa hannu.